Ajin da Aka Ce Ya Jira

Daga Kawu

Zuwa ga 'yata Uwar Tambaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririnku. Mu nan lafiya lau muke, ban da gwiwata ta hagu da ta ɗaukar wa kanta aikin sanar da ni zuwan ruwan sama kafin kowa. Gwaggonki tana gaishe ki.

Wasiƙarki ta iso, kuma na ji daɗi da kika tuna cewa maganar da ta isa magana ba na yin ta a waya. Rabona da ke tun kina firamare, zumuncinmu ma sai an bi ta kan kakarki da mahaifiyata, waɗanda suka fito ɗaki ɗaya, kafin a gane inda muka haɗu. Duk da haka, ina karanta rubutunki na ji muryar yarinyar nan da ta taɓa tsare ni a bakin ƙofa da tambayoyi har shayina ya huce.

Abin da kika nema ya samu. Na gabatar da buƙatarki ga kwamitin makarantar firamarenmu, wanda har yau suka ƙi barina in sauka daga shugabancinsa. Na bayyana musu cewa binciken digirinki na uku a kan koyon karatu yake: kina son ki gano ko kwamfutar hannu tana taimaka wa 'yan aji ɗaya su iya haɗa baƙi da wasali da wuri, ko kuwa ƙyalli ne kawai. Sun amince ba tare da gardama ba.

Na'urorin sun iso cikin kwalaye, babu wadda ta fashe. Kamar yadda kika umarta, ƙuri'a muka yi tsakanin azuzuwan biyu. Hedimasta ya naɗe takardu biyu ya jefa cikin kwalin alli, ya rufe ido ya zaro ɗaya. Ajin gabas ne ya ci, wato ajin Malama Mai Tabarau. Ajin yamma, na Malam Dogo, shi zai ci gaba da allo da alli yadda ya saba. Dukansu malamai ne na kirki, kuma an gwada yaran duka kafin a fara, kamar yadda takardarki ta tsara.

Abu ɗaya zan gaya miki tun da ba ki taɓa ganin ginin ba. Ɗaki ɗaya ne dogo aka raba shi biyu, kuma bangon tsakiya bai kai rufi ba. Idan yaro ya yi atishawa a gabas, daga yamma ake masa addu'a.

Ki kwantar da hankalinki. Na yi shekaruna ina duba makarantu, wannan ba zai gagare ni ba.

Kawunki.

Daga Uwar Tambaya

Zuwa ga Kawu,

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ka da Gwaggo, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Mu ma lafiya, jariri ya fara zama, ya kuma gano cewa takarduna sun fi komai daɗin tauna.

Kawu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Makarantu uku na nema kafin in rubuto maka, duk suka yi ta ja min rai. Kai kuwa zama ɗaya ka gama.

Ina son in ƙara jaddada abu ɗaya, ka yi min haƙuri idan na maimaita abin da ka riga ka sani. Duk binciken nan a kan ajin yamma ya dogara. Idan 'yan gabas suka iya karatu a ƙarshen shekara, babu wanda zai yarda na'ura ce ta koya musu sai in akwai wasu yara irinsu da aka koyar yadda aka saba, a aza waɗannan kusa da waɗancan a gani. Don haka ina roƙon ajin yamma ya zauna yadda yake: kada a ba su aron na'ura, kada a canza musu jadawali, kada a ƙara kada a rage. Da zarar an yi gwajin ƙarshe, na'urorin za su zama na makaranta, su ma za a ba su.

Izinin da jami'a ta ba ni na wannan shekarar karatu ne kaɗai. Farfesan da ke duba aikina ya gaya min ƙarara cewa idan kwatancin ya lalace, ba ni da abin da zan tsaya in kare a gaban masu jarrabawa, kuma ba zan kammala bana ba.

Maganar bango kuwa ta ba ni dariya. Ba na jin sauti kaɗan zai yi wata illa.

'Yarka.

Daga Kawu

Zuwa ga 'yata Uwar Tambaya,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan kowa lafiya. Gwaggonki ta yi fama da mura amma ta warware. Ki ɓoye wa jariri takardun, ilimin da aka haɗiye ba ya zama.

Na fahimci bayaninki sarai, na kuma tsaya a kansa, ko da yake tsayuwar ba ta zo da sauƙi ba. A taron iyaye da aka yi, wani tela da ke da 'ya a ajin yamma ya miƙe tun ba a gama buɗe taro ba.

Ya ce, “Malam Babba, ni tambaya ɗaya gare ni. Yarinyata kullum ta dawo sai ta ce min 'yan gabas na'ura ce ke musu magana. Na ce ku fa? Ta ce mu Malam ne kawai. Malam ne kawai! To a mayar min da ita can.”

Mutane suka yi dariya. Na ce masa, “Kai Tela, idan aka kawo maka sabon keken ɗinki aka ce ya fi naka, a ranar za ka jefar da tsohon?”

Ya ce, “Ina! Sai na ɗinka riga ɗaya a nan, ɗaya a can, na gani da idona.”

Na ce, “To abin da ake yi ke nan.”

Ya ce, “Na ji. Amma 'yata ba riga ba ce.”

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Na ba su alkawarin da kika ba ni, cewa jira ne ba hani ba, na kuma ce duk wanda ke da ƙorafi ya kawo min gida. Suka haƙura. Ba a mayar da yaro ko ɗaya ba, na'ura ko ɗaya ba ta ƙetare bangon ba.

Sai dai Malam Dogo yana tsaye a baya kusa da taga lokacin da aka ce “Malam ne kawai”. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Abin da ya biyo baya na tabbata zai faranta miki rai, tun da ke ma'abociyar son karatun yara ce. Ya bi shaguna ya tattaro kwalayen da aka yar, ya yanka su daidai girman na'urorinku, ya rubuta haruffa a kai da hannunsa. Kowane yaro yana da nasa. Ya raba su biyu-biyu: ɗaya ya danna harafi da yatsa, ɗayan kuma shi ne na'urar, dole ya faɗi sautin. Idan na'urar ta yi kuskure, sai mai dannawa ya ce ta lalace, su canza wuri. Duk abin da ya jiyo daga saman bango da safe, sai ya gina darasinsa a kai. Yanzu yana zuwa tun kafin a buɗe ƙofa, yara kuma suna biyo shi, ya yi musu darasi guda kafin a kaɗa ƙararrawa. Na ji wata yarinya tana gaya wa 'yar gabas cewa tasu na'urar ba ta buƙatar caji, shayi kawai take sha.

Rabona da ganin aji mai rai irin wannan na daɗe. Kin tayar da makarantar nan daga barci, Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

Daga Kawu

'Yata,

Ina fata lafiya. Wata ya wuce har wani ya kama ban ga amsarki ba, kuma ba halinki ba ne. Na je gidan waya sau biyu, ma'aikacin har ya fara gaishe ni da “babu” kafin in yi sallama. Gwaggonki ta ce in kira ki, na ce mai karatu ba a katse shi. Idan aiki ne ya riƙe ki, babu laifi. Idan kuwa wani abu ne a wasiƙata bai yi miki daɗi ba, ki faɗa min kai tsaye.

Aiki yana tafiya a azuzuwan biyu. Na'ura ɗaya ta daina kamawa, an gyara.

Kawunki.

Daga Uwar Tambaya

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ga wasiƙunka biyu.

Abin da Malam Dogo yake yi shi ne ainihin abin da na roƙa kada a yi. Ajin yamma ya daina zama ajin da aka saba. Don Allah ka sa Hedimasta ya umarce shi ya koma jadawalinsa, ya daina darasin safe, a kwashe kwalayen. Ban aiko da na'urori don a yi gasa ba. Ina fata dai ba kai ka ba shi shawarar ba.

Idan aka dakatar yanzu, wataƙila a ceto wani abu.

'Yarka.

Daga Kawu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ko da yake takardarki ba ta ba ni labarin lafiyar kowa ba, ba ta kuma tambayi ta kowa ba. Na karanta ta sau da yawa ina neman ki a ciki.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe. Ban ba shi shawara ba. Da ni na ba shi, da na rubuta miki haka tun farko, domin ban saba ɓoye hannuna ba. Abin da na yarda da shi shi ne ban hango cewa ƙwazonsa zai cutar da aikinki ba. Na ɗauka na'ura kaɗai kike tsoron ta ƙetare bango. Yanzu na gane, kuma na ga girman abin da kike gudu.

Na tafi makarantar da saƙonki a aljihu. Kafin in shiga ofishin Hedimasta na tsaya a tagar ajin yamma. Akwai wani yaro a bencin baya wanda a gwajin farko ko harafi ɗaya bai iya nunawa ba. A ranar nan shi ne na'ura. Abokinsa ya danna haruffa huɗu a jere da sauri don ya kayar da shi, yaron ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai kuma ya haɗa su ya ce “kofi”. Shi da kansa ya razana. Ya juya yana neman wanda ya faɗa.

Malam Dogo ya hango ni ya fito. Ya ce, “Malam Babba, lafiya? Ko mun cika surutu ne?”

Na ce, “Lafiya lau. Wucewa nake yi.”

Na dawo gida da saƙon a aljihuna, kuma ina son ki san cewa ba mantuwa na yi ba. Ba zan isar da shi ba.

Ga dalilina. Da kika ce a hana yara na'ura na shekara ɗaya, na tsaya gaban iyayensu na kare ki, domin babu wanda ya san ko na'urar tana da amfani, abin da kike nema ke nan. Hana abin da ba a tabbatar ba jira ne. Amma malamin da ya zo da sassafe don kansa, wannan an san amfaninsa tun kafin a haife ni. Na yi aikin duba makarantu har na yi furfura, na rubuta wa malamai takardar gargaɗi a kan makara, a kan barci, a kan barin aji. Ban taɓa kiran malami na ce masa ya rage koyarwa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Shekarar da yaro ke koyon haɗa harafi guda ɗaya ce, ba a ajiye masa ita a dawo masa da ita bayan an gama bincike.

Ko da na yarda ma, ina jin lokaci ya ƙure. Malama Mai Tabarau ta ji abin da ake yi a bayan bangonta, ta ce ba za a kunyata ta da kwali ba alhali tana riƙe da na'ura. Ita ma yanzu da sassafe take zuwa. Mai gadi ne kaɗai ke ƙorafi.

Abin da zan iya yi miki shi ne wannan: zan riƙa zama a azuzuwan biyu, in rubuta miki duk abin da ake yi da tsawon lokacin da aka ɗauka, ba ƙari ba ragi, domin ki san ainihin abin da kike aunawa. Idan wannan bai wadatar ba, kina da iko ki rubuta wa Hedimasta da kanki, ba zan tare miki hanya ba. Amma ba da bakina ba.

Na san abin da wannan zai iya jawo miki, kuma ban ɗauke shi da wasa ba.

Kawunki.

Daga Uwar Tambaya

Zuwa ga Kawu,

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya kai da Gwaggo. Kafin komai ina neman gafara. Waccan takarda a barandar asibiti na rubuta ta, a kan gwiwata. Jariri ne ya kamu da ciwon ƙirji, muka yi makonni a kwance, shi ya sa ka ji ni shiru. Ban faɗa ba don kada hankalinku ya tashi, sai ga shi na tayar da shi ta wata hanyar. Ya warke sarai yanzu, har ya koma cin takardu. Zargin da na yi maka kuwa ba shi da wani tushe sai gajiya da tsoro. Ka yafe min.

Na ɗauki biro in rubuta wa Hedimasta, na rubuta gaisuwa, na kasa ci gaba. Na rasa yadda ake tsara jimlar. Sai na kai wa Farfesa wasiƙarka ya karanta.

Da ya kai kan maganar mai gadi sai da ya cire tabarau ya yi dariya. Ya ce masu bincike sun daɗe da sanin wannan: idan aka ce wa mutum shi ne wanda za a kwatanta da shi, sai ya zage damtse. Ya ce laifin tsarina ne da na sa azuzuwan biyu a makaranta ɗaya. Daga nan ya daina dariya. Ya ce kwatancin da na yi alkawari ya mutu, ko an dakatar da Malam Dogo ko ba a dakatar ba, abin da zai rage ba zai gamsar da kowa ba sai in an rufe ido.

Ya ba ni zaɓi biyu. Ko in lallaɓa abin da ya rage in rubuta shi da taka-tsantsan, wataƙila in tsallake bana da ƙyar. Ko kuma in canza tambayar gaba ɗaya: me ke faruwa da malamai da yara a makaranta idan na'ura ta shigo wani aji ta bar wani? Ya ce wannan ba a yi rubutu a kansa sosai ba, amma sai na nemi sabon izini, na zo da kaina na zauna zango guda a azuzuwan. Ma'ana ba zan kammala bana ba, sai baɗi.

Na zaɓi na biyu, Kawu. Na yi kuka kafin in zaɓa, amma da na zaɓa ban yi nadama ba.

Abin da ya rage min shi ne Mama. Ta riga ta gaya wa duk wanda ta sani cewa bana 'yarta za ta zama dakta, har ta ɗinka kayan da za ta sa ranar. Kullum na ɗauki waya sai in ajiye.

'Yarka.

Daga Kawu

Zuwa ga 'yata Uwar Tambaya,

Alhamdu lillahi da lafiyar jariri. Gwaggonki ta yi min faɗa sosai, ta ce da na saurare ta na kira, da mun sani tun da wuri. Na amsa mata cewa tana da gaskiya, abin da ba ta saba ji daga bakina ba, har ta tambaye ni ko ina jin zazzaɓi. Babu abin yafewa tsakaninmu. Ni ma na karanta gajeriyar takarda na yanke mata hukunci ban tambayi a ina aka rubuta ta ba.

Zaɓinki zaɓin malama ce. Shekara ɗaya tana da nauyi a shekarunki, ba zan ce miki ba ta da shi ba. Amma littafin da za ki rubuta yanzu za ki iya buɗe shi gaban kowa ba tare da kin dafe wani shafi da hannu ba.

An share ɗakin baƙi, an gyara tagar da ke ƙara. Ki zo da jariri, Gwaggonki ta ce ita za ta riƙe shi, ke ki je ki yi tambayoyinki. Hedimasta ya sa an ajiye miki kujera a bayan kowane aji. Na fara rubuta abin da na alkawarta, za ki tarar da shi.

Tun da kwatancin ya tashi, na ga babu dalilin ci gaba da hana ajin yamma na'urorin, idan kin amince. Na je na shaida wa Malam Dogo, ina tsammanin zai yi murna. Ya daɗe yana kallon kwalayensa, waɗanda duk gefensu ya lanƙwashe saboda hannun yara.

Ya ce, “Malam Babba, a ba mu, muna so. Yaran sun jira da yawa. Amma don Allah a fara gwada su tukuna, ko da gobe ne, kafin su taɓa ko ɗaya. Ina son a san inda muka kai da kanmu.”

Na ce masa wannan hukuncinki ne, amma ina jin za ki so shi fiye da yadda shi yake so. Ki aiko da takardun gwajin da wuri.

Mahaifiyarki kuwa ki bar min ita. Wannan ba maganar waya ba ce, kuma ba ke ya kamata ki ɗauke ta ba. Ni na riƙe saƙon a aljihu, don haka ni na ƙara miki shekarar. Gobe zan shiga motar safe in je in zauna a gabanta in gaya mata da bakina. Za ta yi faɗa, na san ta tun tana yarinya, zan kuma saurara har ta gama. Idan ta gama zan ce mata ta ninke kayan ta ajiye, ta kuma tanadar min wurin zama kusa da ita.

Kawunki.